Shuɗin Mai Jego

Tun da na dawo daga Ingila ban huta ba. A coci, kafin a gama waƙar fita mata sun kewaye ni. A kasuwar Ikara mai tumatir sai ya tsayar da awo, wai da gaske ne rana ba ta fitowa a can? Maƙwabciyata Hajiya Asabe kuwa ta katanga take leƙowa, "Malama Ladi, har yau fa ba ki gaya min abin da suke ci ba." Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ta samu kai, waccan ta samu wutsiya. To ga shi nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta.

Wankan jego ne ya kai ni. 'Yata ta fari ce ta haihu, namiji. Ba zan kama sunanta ba tukuna, mutanen gida sun san dalili. A wajenmu, Musulminmu da Kiristanmu, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi wata ce za ta ɗaga shi. Ana yaye yarinyar nan aka kai ta Gazara wajen mahaifiyata, can ta girma. Ita take kira Inna. Ni kuwa Malama take ce min, kamar sauran yaran da na koyar a firamare, ni kuma in ce "ke", ko "yarinyar nan". Da Inna tana raye ita ce za ta yi wannan tafiya, amma Allah ya yi mata rasuwa tun kafin a yi cikin.

Mijin yarinyar, Bulus, ɗan Likoro ne, yana aikin jinya a wani gari kusa da Mancesta. Biza ta yi ta jan ƙafa har jariri ya doshi arba'in. Ana cikin haka Bulus ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Mama, in dai bizar ta fito kada ki ƙara kwana. She is not herself."

Ni fa Turanci na koyar har na yi ritaya, ba wanda zai gaya min ma'anar herself. Wato ba ita ba ce. To wace ce? Ban tambaye shi ba, suruki ne, ba a jan magana da shi. Na kai wa Hajiya Asabe, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, iska ce! Masu jego jikinsu a buɗe yake." Ta ɗauro min turaren hayaƙi a ƙyalle. Matar fasto ta ce za su sa ta a addu'a. Da na kira yarinyar da kaina kuwa, sai ta ce, "Lafiya lau, Malama. Yaro ma lafiya lau." Muryar dai tata ce, amma kamar tana karanto min daga allo. Da wannan fargabar na haɗa kaya.

Kaya kuwa na haɗa. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, kanwa, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da kilishin da Maigida ya aika aka yo musamman. A Makarfi na sa direba ya tsaya na sayi mazarƙwaila, yana ta ƙunƙuni wai ina ɓata masa lokaci. Ba mu yi nisa da Tashar Yari ba motarsa ta yi tari ta mutu. Ya ce yanzu-yanzu. Wannan yanzu-yanzun sai da na ci rake na gaji, na yi hira da wata mai fura har na san sunayen jikokinta. Na ce masa, "Direba, yanzu wa ke ɓata wa wani lokaci?" Ya ci gaba da gyaransa. A Abuja na kwana wajen ƙanwar Maigida, washegari ta raka ni filin jirgi.

A jirgi aka haɗa ni kujera da wata mata 'yar Jos, ita ma jego za ta, amma ita ta saba. Ita ta ɗaura min bel, ita ta zaɓar min abinci. Ta ce, "Bari in ba ki shawara ɗaya. In Bature ya ce miki you alright, gaisuwa ce kawai. Kada ki tsaya ba shi labarin ciwon gwiwarki." Na ce mata ni malamar Turanci ce. Ta ce, "To, Malama," ta ja bargo ta yi barcinta.

A bakin shiga ƙasar tasu aka ware ni gefe ni da jakata. Wani ma'aikaci mai jan gemu ya sa safar hannu ya fara tonawa. Ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya ɗaga kanwa yana juyawa, na ce ta kunu ce, ta mai jego. Ya ƙwanƙwasa mazarƙwaila a tebur, na ce sukari ne na rake. Duk ya bar min su bayan ya yi shawara da wata abokiyar aikinsa. Kilishi ne bai tsira ba, wai ba a shiga musu da nama. Ya ce ya ba ni haƙuri ƙwarai, yana faɗa yana jefa shi a kwandon shara. Raina ya ɓaci, don na san yadda Maigida ya ɗokanta a ce jikansa ya sha nonon kilishinsa.

Bulus na jirana da wata ƙatuwar riga mai kama da katifa. Ya rusuna ya gaishe ni, hancinsa na zuba. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Ba komai, Mama, I'm a bit under the weather." Na ɗaga kai na dubi sama, baƙi ƙirin, ana yayyafi. Na ce, "Ai dukkanmu a ƙarƙashinsa muke." Dariya ta kama shi har da tari, ya ce mura yake nufi, haka suke faɗa in mutum ba ya jin daɗin jikinsa. Na sa rigar, ina tuna 'yar Jos.

Gidajen nasu a manne suke da juna, jere reras, duk iri ɗaya. Ba tsakar gida, ba zaure, kana buɗe ƙofa ka faɗa falo. Matakala siririya ce, in mai jiki ce sai ta hau a karkace. Tagogi a rufe ruf, ɗumi kuma daga wani ƙarfe yake fitowa a jikin bango. Rana tana faɗuwa tun kafin lokacin da muke tashi daga la'asar a gida, in ma ta fito ke nan. Ga amsarka, mai tumatir.

Yarinyar ta sauko ta durƙusa ta gaishe ni, yaya hanya, yaya Baba, yaya mutanen gida, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta rame, amma na ce jego ne ba mai kula. Na dube ta da kyau, ita ce dai, ba wata alamar iska. Na ɗauki angona daga kwandonsa, Iliya sunansa, ƙato da shi, na ce masa ya yi ƙoƙari ya girma don ni ba na auren rago. Can ya fara kuka. Uwar ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "Bulus, yana kuka." Bulus ya zo ya karɓe shi.

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce a raina madalla, yarinyar nan duk zaman Turai bai sa ta manta gida ba, kunyar ɗan fari take yi a gabana. Kwanakin da suka biyo baya haka na yi ta gani. In za ta ba shi nono sai an miƙa mata shi, ta kau da kai har ya gama. Ba ta kiran sunansa. Har waya na yi wa Hajiya Asabe ina yi mata alfahari, na ce ta kwantar da hankalinta, ba iska ba ce, tarbiyyar Inna ce.

Wanka kuwa na ce ko an makara sai an yi. Na ɗora babbar tukunyar gidan da ƙananan biyu, na zuba darbejiya, na rufe ƙofar kicin don kada zafin ya gudu. Na ce bari in haɗa da turaren Hajiya Asabe, kada ya zama na ɗauko shi a banza. Ina kunna shi wani abu a jikin silin ya ƙwalla ƙara, irin wadda ke shiga har haƙori. Iliya ya ɗauki kuka. Bulus yana wajen aiki. Ina ta fifita abin da zani, sai ga bugun ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce, gajeruwa, da silifas ɗin ɗaki. Ta wuce ni, ta ɗauki tsintsiyarsu mai sanda ta dunguri abin, ya yi tsit. Ashe hayaƙi ne ba ya so. Ta buɗe taga, sannan ta juyo ta ce, "You alright, love?" Na tuna 'yar Jos, na ce lafiya.

Sunanta Margaret, ita ce a gidan da ke manne da namu. Ni na raɗa mata Magajiya, kuma ta karɓa. Ta leƙa kwandon Iliya ta ce ashe ni ce kakar, "You must be over the moon." Na ce mata a'a, daga Najeriya nake. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ashe in murna ta kai murna, su sai su ce mutum ya haye saman wata. Ranar ta gayyace ni shan shayi.

Hajiya Asabe, ga abin da suke ci. Shayi dai ruwa-ruwa, da biskit biyu a faranti, kuma shi ke nan an karɓi baƙo. Dankali safe da yamma, a dafa, a soya, a tuƙa. Wake na gwangwani mai zaƙi a kan burodi, wanda na ci sau ɗaya don kada a ce na raina. Kifi da dankalinsu ba laifi, in ban da ruwan tsamin da suke yayyafa masa. Yaji kuwa babu, na riƙa zuwa gidan Magajiya da nawa a ƙulle a gefen zani. Mu a gidan Bulus tuwo muke yi, akwai shagon wasu 'yan Pakistan da ake samun garin shinkafa da naman akuya. Ranar da na ba Magajiya miyar kuka ta daɗe tana kallon yadda take bin cokali, ta ce tana da ban sha'awa. Daga baya Bulus ya gaya min in sun ce haka ba su so ba ne.

Mijinta ya rasu, ɗanta yana wata ƙasa, ni kuma ba ni da abokiyar hira, sai muka zama kullum muna tare da hantsi. Na ce ta koya min irin wannan Turancin da ba ya cikin littafin firamare. Na lura su duk abin da ke ransu hawa da sauka ne. Mai murna yana sama, yana kan gajimare, yana tafiya a kan iska. Mai damuwa yana ƙasa, ya faɗa rami. Na ce mata mu namu a ciki yake, in muna murna cikinmu fari ne, in muna baƙin ciki baƙi ne. Ta dafa nata cikin ta ce to ita yau nata fari ne. Wata rana na ga wani tsoho yana jan kayan cefanensa shi kaɗai a cikin ruwa, ba yaro ba jika, na shiga na ce mata jikina ya yi sanyi, da Turanci, kalma bayan kalma. Kafin in yi bayani ta lulluɓe ni da bargo ta ƙara wutar ɗumi. Na ce to, yau ke ma kin haye wata. Abu ɗaya muka tarar namu da nasu ya zo daidai, nauyin zuciya.

Wani abu da ya ba ni mamaki, in ka tambayi Bature yaya yake, ko yana cikin jin daɗi sai ya ce not too bad, wai bai yi muni sosai ba. Na ce wannan rashin godiya ne. Magajiya ta ce mu fa me muke cewa? Na ce lafiya lau. Ta ce in ba lafiya fa? Na ce lafiya lau. Ta ce in mutum yana kwance asibiti fa? Na ce sai ya ce da sauƙi. Ta ce, "To ta yaya kuke sanin wanda ba shi da lafiya?" Na ce muna gani a fuska. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ƙara min shayi.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya gidajen masu jego. Ta zo wata safiya, ta auna Iliya, sannan ta hau sama da yarinyar suka rufe ƙofa. Da ta sauko ta ja Bulus gefe, ni ina bakin kicin ina jinsu. Ta ce abin ya wuce baby blues, lallai a ga likita, amma matar tasa ta ce ita ba abin da ke damunta.

Ban ji sauran ba. Baby na sani, blue na sani. Na taɓa ganin jariri a Ikara da leɓɓansa suka koma shuɗi, bai kai yamma ba. Na sure Iliya na tuɓe shi tsirara a kan kujera, na duba leɓe, na duba farce, na duba tafin ƙafa. Yaro baƙi sumul, yana harba ƙafa yana jin haushin sanyi. Na ce wa matar da ƙarfi, jaririn nan ba shuɗi ba ne, ta zo ta gani. Ta dafa min hannu a hankali ta ce ba jaririn ba ne, uwar ce. Bulus ya sunkuyar da kai. Bayan ta tafi ya ce, "Mama, na yi na yi, ta ƙi zuwa. Ko za ki yi mata magana?" Ni kuwa har lokacin ban san maganar me zan yi ba.

Na saɓi Iliya na shiga gidan Magajiya ko sallama ban yi ba. Na ce ta gaya min mene ne shuɗi. Ta ajiye abin da take saƙawa. Ta ce shuɗi a wajensu shi ne baƙin cikin da ke sauko wa mutum ba tare da an yi masa komai ba. Mata da yawa suna jinsa bayan haihuwa, kwana kaɗan ya wuce. In ya ƙi wucewa ya zama ciwo, kamar kowane ciwo, kuma yana iya kai mace inda ba a so. Ta ce ita ma ta yi shi a kan ɗanta. Takan zauna a matakala yana tsala kuka a sama, ba ta jin komai, sai ta ce ita muguwar uwa ce. A zamaninsu ba a faɗa, sai a zuba a kwalba a toshe, haka ta ce. Ta kusa shekara a haka.

Sannan ta ce, "Kin lura ba ta ɗaukarsa?"

Na gyara zama na yi mata bayani, na ce wannan al'adarmu ce, kunya ce, ni ma haka na yi. Ta saurara har na gama. Ta ce, "A gaban mutane ke nan. In ba kowa fa? Ke da kike jego, in daga ke sai 'yarki a ɗaki, me kike yi?"

Ni na san abin da nake yi. In an watse, an sakaya ƙofa, hancina ba ya barin tsakar kan yarinyar nan. Kowace uwa a garinmu ta san haka. Kunya ta idon mutane ce.

Washegari da safe na kai wa yarinyar Iliya na kwantar kusa da ita, na ce zan je shago. Na sauka na buɗe ƙofar waje na rufe da ƙarfi, sannan na cire takalmi na hau a hankali. Ƙofar ɗakin a ɗan buɗe take. Yaron ya fara kuka, yana wurwura hannu har yana taɓa cinyarta. Ba kowa a ɗakin, ba wanda za ta ji kunya. Tana zaune ta zuba wa bango ido, hawaye na bin fuskarta, ko gogewa ba ta yi. Na tsaya a matakalar nan ina kallonta. Ni da aka ɗauko daga Ikara don in kula da ita, ina kallon ciwonta kullum ina sa masa albarka.

Na bari sai bayan wanka. Ta zauna a bakin gado ta ba ni baya, ina shafa mata man kaɗanya. Na so in tambaye ta da Hausa, amma duk tambayar da na ɗauko na san amsarta. In na ce yaya jiki, da sauƙi. In na ce me ke damunki, ba komai. Haka muka koya musu. Sai na ari na Magajiya, na ce, "Are you blue?"

Ta juyo ta dube ni. Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun zuwana, ina ji don yadda na ja kalmar kamar ina gaban aji. Dariyar ba ta ƙare ba ta rikiɗe kuka. Ta ce, "Yes, Malama." Daga nan Hausar ta zo da kanta.

Ta ce, "Ba na jin komai. Ina dubansa kamar ɗan maƙwabta. Kowa na cewa barka, ni kuwa in gari ya waye ji nake da ma bai waye ba. Bulus yana ta maganar likita. Me likita zai yi min? Ai gado na yi." Ta share hanci da bakin zani. "Ke ma haka kika ji da kika haife ni, ko? Na daɗe ina so in tambaye ki. Yanzu na gane, ban kuma ga laifinki ba."

Ban taɓa jin magana ta soke ni irin wannan ba. Ashe duk shekarun nan abin da ta ɗauka ke nan. Ta ga ina goya ƙannenta, ina yi musu kitso, ina kiran sunansu daga bakin ƙofa, ita kuwa ke, yarinyar nan. Mu manya mun san ma'anar abin, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya fassara mata.

Na ajiye man. Na ce, "Saurara. Ranar da aka kai ki Gazara ban ci abinci ba, na ce wa mutane zazzaɓi ne. Zanen goyonki ban wanke shi ba, a ƙarƙashin matashina ya zauna har warinki ya fita. Kin tuna yadda nake zuwa duk Juma'a in an tashi makaranta, wai gaida Inna? Inna lafiyarta ƙalau. Bayan rumbu nake tsayawa ina kallonki kina wasan ƙasa, in kin waiwayo in yi kamar kaji nake kora. Ina sonki tun ranar da aka ɗora min ke a cinya. Bakina aka ɗaure, zuciyata ba wanda ya taɓa ta."

Ta daina kukan tana kallona.

Na ce, "Naki ba irin nawa ba ne, ba ki gaji komai ba. Ciwo ne ya shiga tsakaninki da ɗanki, kuma an ce yana da magani." Na ji sunan ya taso ya tsaya min a wuya, harshena bai san hanyarsa ba. Na ce, "Rahila. Tashi ki sa kaya, mu je wajen likita."

Ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Sannan ta tashi ta buɗe akwatin kaya.

Kada wani ya ɗauka a ranar ta warke. Likita ta ba ta magani, aka haɗa ta da wata mai sauraron damuwa, aka kuma sa ta cikin taron wasu masu jego da ke haɗuwa a wani ɗaki kusa da coci. Wata rana ta tashi da sauƙi, wata rana ko labule ba ta so a ɗaga. Ni da Magajiya muka raba aiki, ni wanka da kunu, ita tura keken jariri da surutu. Bulus ya rage aikin dare. Ana nan wata safiya ina wanke-wanke na ji ana waƙa a sama, irin wadda Inna ke yi wa yara. Na leƙa. Rahila ce ta kifa Iliya a ƙirji, hancinta a tsakar kansa. Ta gan ni, ba ta kau da kai ba. Ni ce ma na koma kicin da sauri, na rasa abin da zan yi sai na sake wanke tukunyar da na riga na wanke.

Ranar da zan taho Magajiya ta fito har bakin mota da silifas ɗinta. Na bar mata sauran mazarƙwaila da ƙullin yaji. Ta dafa cikinta ta ce min da Turanci yau cikinta baƙi ne. Na ce nawa ma. Rahila ta raka ni filin jirgi da Iliya a goye, da zani, a kan rigar sanyi, Turawa suna ta waiwaye.

A tashar Ikara Maigida na jirana da babur. Bayan ya tambayi hanya ya ce, "Yaya yarinyar?" Na ce, "Rahila tana samun sauƙi." Ya tsaya da ɗaure jaka ya dube ni. Muna tafe a hanya na ji ya maimaita sunan a hankali, kamar yana gwada shi. Hajiya Asabe kuwa da ta ji shi a bakina sai da ta riƙe haɓa, ta ce, "Malama Ladi, Turai ta lalata ki!" Na ce ta zauna in ba ta labari. Da na gama ta ce matar ɗanta da ke Kudan ta haihu watan jiya, haihuwar fari, kuma kowa yana yabon kunyarta. Washegari da sassafe na ga ta tare mai babur, za ta Kudan.

Yanzu duk Lahadi bayan an taso coci nake kiran waya. Na daina tambayar lafiya, don na san amsar. Jiya na kira, na ce, "Rahila, wane launi yau?"

Ta ce, "Malama, Laraba dai shuɗi ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma yau fari ne." Har yanzu Malama take ce min, ban kuma nemi ta canza ba. Na ji ana kokawa da wayar, sai ta ce, "Iliya, saki! Iliya, kai fa! Malama, riƙe, ga angonki zai cinye min waya."

Sau biyu ta kira sunansa, da ƙarfi, ina ji. Ban kwaɓe ta ba.